Tabki Ya Nuna

A garinmu idan aka ce tabki ya nuna, ko kare ba a bari ya sa baki. Ɗan yaye ma ya san wannan. Amma maigidana, wanda a lokacin saurayina ne, ɗan Filinge ne, tela, haifaffen bayan kasuwa. Shi abin da ya sani yana nuna, mangwaro ne da kankana.

Ƙauyenmu na cikin ƙasar Kurfai, tabkin kuma yana gangaren gari. Da damina ruwa ya kwaso duk abin da ya tarar a hanya ya juye masa: kashin shanu, na jakai, na awaki, har tokar juji. Farkon cikarsa ja ne, mu yi ta iyo a ciki har idanunmu su kaɗa, iyaye na zagi muna ƙara nutsewa. Amma in kaka ta yi, ruwa ya ja baya, rana ta dafa shi, sai a wayi gari ya koma kore shar, ya yi kauri kamar miyar kuka, gansakuka ta rufe baki, wari na tashi. Wannan shi ne nuna. Wanda ya shiga ya kwashi ƙaiƙayi, wanda ya haɗiya ya kwana zarya bayan gari. Babana, da yake shi ke riƙe da al'adar kakanni, shi ke zuwa ya duba ya sanar da gari. Yakan ce mai ruwan ce ta shimfiɗa zanenta, ba a taka mata. Likita a Filinge ya ce takin dabbobi ne da zafin rana. Ni dai ban ga inda suka saɓa ba, tunda duk cewa suka yi kar a shiga.

To, Baba ba ya son ɗan birni. Ya ce ba su da gindin zama. Da maganarmu ta kai kunnensa sai ya ce kafin manyan yaron su tako, a turo masa shi. "In ya iya zamnawa gabana kamar mutum, mu gani. In ya yi min rawar kai, shi koma ma kekenshi, ɗiyata ba ta zuwa."

Ni kuwa ina son telan nan kamar in haɗiye shi. Kuma na san ciwonsa: ƙafarsa ta dama ba ta hutawa, ko a tabarma yake tana taka keken ɗinkin da babu. Na ja masa kunne har na gaji. Kar ka girgiza ƙafa. Kar ka duba salula. Kar ka taɓa ko hancinka. Ya ce, "Haba, sai ka ce zaman tahiya ya gagare ni?"

Ranar ya taso da hantsi a kan moto, wato babur, cikin farin kaftanin da ya ɗinka wa kansa. Hanyar yashi ce, ya ture moton nan ya fi a ƙirga, ya iso bakin gari sharkaf da gumi. Sai ga tabki. Sai ga gwaggona, ƙanwar Baba, ta fito daga rijiya da tulu a ka. Ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa kai shi ƙarshe ba tare da ta riƙe ciki ba.

Ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Inna, ruwan ga ya shiguwa?"

Ta ce, "Ai tabki ya nuna, ɗana."

Ya ce, "Madalla!"

Ta yi gaba tana cewa a ranta, kai, yaron nan akwai hankali, ana faɗa masa ya ji. Ba ta yi nisa ba ta ji tsundum! Ta waiwaya, ga kaftani an rataye a ƙaya, ga mutum a tsakiyar kore yana iyo irin wanda ya ce ya koya a kogin Yamai, har da juyawa rigingine. Ta saki ihu: "Hito! Hito, ɗan nema! Na ce maka ya nuna!" Ya ɗago hannu yana murna: "Wallahi ya nuna, Inna, ga ɗumi!"

Wayyo ni! Da ta shigo gida tana haki ta faɗa mini, na rasa kuka zan yi ko dariya, sai na haɗa duka biyun. Na ce a tare shi a watsa masa ruwan rijiya. Ina! An riga an yi masa iso, yana zaure gaban Baba.

Ni da gwaggo muka manna ido a ɓular zana. Ga shi ya durƙusa tsaf, kai a sunkuye, kyakkyawa abinsa, sai dai wani zaren gansakuka ya maƙale masa a bayan kunne. Baba na kan buzu yana tufkar igiya. Ya ɗaga ido sau ɗaya, ya ga zaren nan, ya mai da kansa ga igiyarsa.

Aka fara gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, ina mutanen Hilinge. Ana cikin haka abin ya motsa. Na ga wuyansa ya yi ruɗu-ruɗu, na ga kafaɗarsa ta zabura ya danne ta. Hannunsa ya taso zai nufi ƙeya, ya kamo shi da ɗayan ya zauna a kai. Gwaggo ta cusa bakin zanenta a baki. Ni ina ta addu'a, ina ta zaginsa a zuci: sakarai, mangwaro aka ce maka?

Baba kuwa, mutumin da ba ya haɗa magana uku a wuni, ranar bakinsa ya buɗe. Ya tambayi mahaifinsa. Ya tambayi kakansa. Ya tambayi wanda ya haifi kakan. Sannan ya gyara zama ya ce, "To, yaro, keken ɗinkin ga naku, ƙaƙa zare ka bi ta ƙasa shi hito ta bisa? Yi min bayani sannu-sannu, ni tsoho na."

Bawan Allah ya yi bayani. Hawaye na bin kumatu, gumi na ɗiga daga haɓa, idanu jajir, yana zancen ƙoshiyar zare da allura. Amma ƙafar nan, ƙafar da na sha faɗa a kanta, ko motsi. A nan dariyata ta ɗauke. Tausayinsa ya kama ni, na ji ko Baba ya hana, ni dai na riga na ga miji.

Baba ya ajiye igiya. Ya miƙa hannu bayan buzu ya laluɓo tsohuwar totuwar masara, wadda yake sosa bayansa da ita, wadda ko mu ƴaƴansa ba ma taɓawa. Ya jefa masa a cinya.

"Ungo, sosa," in ji shi. "Baƙo ba ya susa gabana. Ɗan gida ka yi."

Maigidana ya dubi totuwa, ya dubi Baba. Sai da maganar ta shige shi, sannan ya damƙe ta da hannu biyu ya hau kansa da susa, wuya, ƙeya, hamata, yana faɗin "Na gode, Baba, wash, na gode, Baba!" Gwaggo ta faɗi da zanar gaba ɗaya, muka zube cikin zaure ni da ita, a gaban kowa. Baba bai ko dube ni ba. Ya ce wa gwaggo, "Tashi ki kai ɗana rijiya, a ba shi sabulu."