Gwaggo Lami a Durɓi ta Kusheyi

Gwaggo Lami ƙanwar babana ce. Shekara arba'in tana yin daddawa a Kafinsoli tana kaiwa kasuwar Kankiya, ba ta taɓa shiga aji ba. Ni ce mai sakandare a gidanmu, kuma ba na bari a manta.

Bara muka je suna wajen Mani, na nace sai mun biya Durɓi ta Kusheyi, tsohon garin da ake cewa an binne sarakunan da. So nake matan gidanmu su ga amfanin boko.

Gwaggo ta tsaya gaisawa da wani tsoho, ni ko na wuce. Ina zaton gini zan gani, sai tuddai da ciyawa. Na haye mafi tsawo ina faɗa: "Wannan wane irin sakaci ne? Ina kaburburan?"

Na waiwaya, Gwaggo ta tuɓe takalmi tana yi wa mamatan wurin addu'a. Ta shafa, ta ɗago kai.

"Malama Halimatu, in kin gama lacca ki sauko. A kan sarki kike tsaye."

Na sauko da jan gindi.