Zarton Ashafa na Gazara

Ashafa maƙeri ne ɗan maƙeri a Gazara. Ƙirar fartanya da lauje ya gada, amma shekara biyu bayan samun 'yancin kai, da gadon ƙarfe ya fara shiga ɗakunan amare, sai ya ce shi ma zai taɓa. Lanƙwasa ƙarfe ba ta gagare shi ba, kusurwa ce ta hana shi sakat. Sai an yanka ƙarfe biyu a karkace daidai wa daida kafin bakinsu ya haɗu, shi kuwa zarton hannunsa kullum sai ya zame. Gadonsa na farko, duk wanda ya kwanta a kai, a jikin bango yake farkawa.

Abokinsa Ɗan'azumi, direban motar da ke kwasar gyaɗa daga Makarfi, shi ya ba shi labarin wani kanti a Sabon Garin Zariya inda ake sayar da zarton inji. Ran Litinin Ashafa ya bi shi, da sandar ƙarfe a kafaɗa.

Zarto biyu ya tarar. Ɗaya sabo fil mai koren fenti, mai kanti sai zuba masa yabo yake yi, amma da lantarki yake aiki, a Gazara kuwa ko fitilar ƙwai ba kowa ke da ita ba. Ɗayan tsoho ne, ruwansa siriri kamar ɗamara, da bel, wato igiyar inji, ake juya shi. Abin da ya ja hankalin Ashafa shi ne mariƙinsa: sai ka karkata shi yadda kake so, ka ɗaure, ƙarfe ba zai ƙara motsi ba.

Ya ce ba ya saye sai ya gwada. Aka yanka sandarsa gida biyu a karkace da tsohon zarton, ya juya ɗaya, ya haɗa bakunan, ya fita titi ya ɗaga su saitin rana. Ko ɗigon haske bai ratsa ba. Ya ƙara dubawa, dariya ta ƙwace masa. Ya tare wani mai keke da bai taɓa gani ba, yana nuna masa yana rantsuwa. Ɗan'azumi ya ja rigarsa, ya ce su tafi kafin mutane su zaci taɓuwa ya yi.

Da ya biya kuɗin zarton, ya ƙi zama a gaban mota. A baya ya dawo, rungume da zarton, yana ɗaga wa kowane ƙauye hannu.

Malam Uwaisu mai injin niƙa ya yarda a riƙa ɗaura wa zarton bel bayan azahar, in mata sun gama niƙa. Mako guda Ashafa bai ga ƙarfe ya ƙyale ba. Ya yanka tsohuwar garma, ya yanka sakatar zaurensa. Ranar da matarsa Kulu ta ga yana jujjuya ludayinta na ƙarfe, ta karɓe a hankali.

"Malam, in ka gama da garin, don Allah ka bar mini abin kwasar miya."

Ya yi dariya har da zama a ƙasa, washegari kuma ya koma kan gadaje. Kafin kaka ta zagayo ana zuwa saye daga Ikara da Kudan, daga baya ya ƙara da tagogi da ƙyauren ƙarfe.

Ya tsufa da sana'ar. Da idonsa ya yi rauni, in ya je gidan mutum sai ya gama gaisuwa tsaf, sannan ya laluba kusurwar ƙyaure da babban yatsa. In aikinsa ne, yakan faɗi shekarar da ya yi shi, kuma da wuya ya kuskure.