A Kujerata Alhaji Tanko Ya Rasu

Alhaji Tanko ya rasu. Labarin ya iso min da safiyar nan daga bakin ƙanensa Musa, wanda ke zaune a Italiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga abin da aka tabbatar. Jiya, ƙarfe sha biyu saura minti ashirin na rana agogon can, ya faɗi a cikin wani ƙaramin jirgin ƙasa a tsibirin Sardiniya da ke Tekun Bahar Rum. An tsayar da jirgin a wata tasha cikin duwatsu. Likitan da ya zo ya ce zuciya ce.

A kujerata ya rasu. Ni na zaɓe ta tun watan Maris.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mutumin Zangon Kumasi ne. Shekara tara muna ofis ɗaya a Tianxiu, nan Guangzhou, muna tura wa mutane kaya gida, shi Ghana, ni Kano. Shi ya tsince ni a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Guangyuan makon da na zo, bayan na bar aikin jarida, ina riƙe da taswira a juye. Ya dube ni ya ce, "Wannan fuskar ta Bakano ce, kuma bai ci abinci ba." Ya kai ni na ci shinkafa da wake. Tun ranar yake kira na Edita.

Shi ya koya min lodin kwantena. Kayan ƙananan 'yan kasuwa a bakin ƙofa yake sa su, don su riga na manya fita.

Da mahaifiyata ta rasu ban samu tafiya gida ba. Ya rufe ofis kwana uku, ya shimfiɗa darduma, ya zauna kusa da ni yana karɓar gaisuwa kamar shi aka yi wa rasuwar.

Wannan mutumin na yi kwana shida ina ƙyashinsa. Na faɗa a fili, don shi ne gaskiyar magana.

Tun ina yaro, da muke shiga jirgin Nguru zuwa wajen kakata, nake son tsohon jirgin ƙasa. Shekara biyu da suka wuce na karanta labarin wani siririn layin dogo a Sardiniya, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, yana hawa duwatsu yana sauka har bakin teku. Akwai masu shirya tafiyar a ƙungiya, da jagora mai raka ku daga tasha zuwa tasha har kwana takwas. Na yi rajista. Na samu biza. Na daidaita tafiyar da hutun farkon Oktoba, lokacin da masana'antu da sito-sito ke rufewa a nan.

Alhaji dariya yake min. "Edita, kana ƙasar da jirgi ke gudu kamar harsashi, za ka tsallaka duniya ka hau wanda akuya ke wucewa?"

Sai na yi kuskuren da ko baƙon jiya ba zai yi ba. Na kai fasfona sabunta izinin zama, aka ba ni rasit mai adadin kwanaki. Na ƙirga a yatsu, na ga zai fito kafin tafiya. Kwanakin aiki ne aka rubuta, kuma hutun ya faɗo a tsakiyarsu. A rubuce yake ɓaro-ɓaro. Ni da na yi shekaru ina gyara wa wasu kwanan wata a jarida, ni na kasa karanta nawa.

Fasfo yana ofishin hukuma, biza tana cikin fasfo, ni ina zaune a unguwarmu ta Xiaobei.

Alhaji yana da bizar Turai a hannu saboda ziyarar Musa. Masu shirya tafiyar suka yarda a canza suna. Ni da bakina na ce ya tafi. Sai da na faɗa sau uku kafin ya yarda.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a ofis ce, ana gobe zai tashi. Na miƙa masa fayil ɗin da na haɗa: taswira, tarihin layin, sunan kowace tasha, da jan biro a inda ya kamata mutum ya leƙa taga. Ya auna shi a tafin hannu.

"Duk wannan karatu ne? Ni dai a nuna min inda zan zauna."

Wannan maganar ce ta soke ni. Shekara biyu ina karatu, shi kuma ko sunan tsibirin bai iya faɗa daidai ba.

Ya ce, "Gobe za ka raka ni filin jirgi ko?"

Na ce ina da lodi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu.

Ya san babu sito ko ɗaya a buɗe. Ya yi murmushi ya ce, "To, ka gaishe min da kwantenonin."

Daga ranar da ya sauka ya fara turo saƙon murya. Manhajar da muke amfani da ita a nan tana sa ɗan jan ɗigo a gefen saƙon da ba ka saurara ba, amma ba ta nuna wa wanda ya turo ko an ji. Na bar jajayen ɗigon suka jeru har goma sha ɗaya. Hotuna kam ina gani, don su ba sa neman izini. Ga shi da hularsa a bakin taga. Ga shi a tsakiyar tsofaffin Turawa, duk suna dariya, ban san me ya faɗa musu ba. Ga jirgin a kan wata gada da na san tsawonta, shi bai sani ba. Kowane hoto sai na buɗe shi sau biyar, in rufe ina jin haushi.

Jiya bayan la'asar na gaji da kaina, na saurara.

"Edita, jirginka ya tsaya wa tumaki! Direba ya sauka da kansa yana kora su. Wallahi ko a Kumasi ba a yi wannan."

"Akwai wani tsoho a nan mai rubuta lambar kowane tarago a littafi. Kai ne sak, fari ne kawai."

"Na tambayi tuwo, sun ce meyo." Wato babu, kamar yadda masu shago ke ce mana a nan.

A ɗaya ya ce jagorarsu ta haddace lokutan sallarsa, ita ke nema masa wuri mai tsabta a kowace tasha. A wani bai ce komai ba. Minti guda cur ya riƙe wayar a bakin taga don in ji ƙarar ƙafafun jirgin a kan dogo. Irin ta jirgin Nguru ce.

A saƙo na tara kuma muryarsa ta sauka. "Edita, shiru haka? Ko na yi maka laifi ne? Kai ka ce in zo fa. In na ɓata maka, ka faɗa min."

Kwana biyu wannan tambayar tana cikin wayata da jan ɗigo.

A na ƙarshe ya ce, "Na karanta fayil ɗinka, kar ka ce ban karanta ba. Jan bironka ya yi kuskure wuri ɗaya, ta hagu ake ganin teku. Na ce wa matar ta ajiye maka hagu baɗi."

Na danna na yi magana. Na ce, "Alhaji, ba ka yi min komai ba. Ƙyashi ne kawai, ka je inda ban je ba. Ka yafe ni."

Wayata ta nuna ƙarfe biyar da minti goma sha biyu na yamma. Tsakaninmu da can awa shida ne, wato sha ɗaya da minti sha biyu. Ya faɗi minti ashirin da takwas bayan haka. Jagorar ta shaida wa Musa cewa a wannan yankin sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuma ta ga wayar a hannunsa, amma ba ta san me yake yi da ita ba.

Tun safe mutane ke shigowa ofis. Wani ya ce Allah ya tsare ni, da ni ne a kujerar. Ajali ba ya bin lambar kujera. Kuma ba zan ɓoye ba, da na sake buɗe hotonsa na ƙarshe, teku a bayansa, yana dariya, sai da ƙyashin ya sake motsa min kafin hawaye su zo. Na nemi tsarin Allah daga zuciyata.

Ya Allah ka gafarta wa Alhaji Tanko, ka yalwata masa kabarinsa, ka saka masa da alherin da ya yi wa baƙi a garin nan. Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ya haɗa da ni a neman gafara.

Musa ya isa tsibirin, wayar tana hannunsa a kulle. Hajiya, matar Alhaji, ita kaɗai ta san lambar buɗewa, kuma ba ta iya magana ba tukuna. Na roƙe shi in an buɗe ya duba min abu ɗaya: ko akwai jan ɗigo a gefen saƙona.

Har zuwa yanzu ba a buɗe ta ba.