Kukan da Ya Biyo Goggo Gida

Goggona, yayar babanmu, mai injin niƙa ce. Tun kafin a haife ni take cikin shagon nan na bakin layi, mai ƙofar langa-langa da benci ɗaya, inda gari ke kwanciya a kan komai har da girarta. Ba ta iya magana a hankali ba. In ta ce maka sannu sai ka ɗauka faɗa take. Da injin nan ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, saboda haka wanda ya taɓa shi ya taɓa ta.

Abin ya fara ne da maƙwabcinta, mai gyaran firiji. Goggo ta ce akwai wani tsohon firiji a gidansa da ke yi mata kuka, wiii, ba hutu. Bawan Allah ya kashe duk wani abu mai amfani da wuta ya tsaya yana kallonta. Ta ce har yanzu tana ji, lallai ya ɓoye wani a ɗaki. Sai da ta zo gidanmu, a wata unguwa can nesa, ta tarar kukan ya biyo ta, sannan ta gane. Ashe a kunnenta yake.

Tsoro ya kama ta, kuma Goggo in ta tsorata masifa take yi. Ta yanke wa kanta hukunci cewa kunnen ya gaji, shiru yake so. Ta hana kunna rediyo, ta hana fanka, jikoki in sun zo sai sanɗa. Tana dawowa daga aiki sai ta cusa auduga a kunne ta shige uwar ɗaki ta turo ƙofa. A shago kuwa kunnen a buɗe yake, don da shi take gane ko bel ɗin injin ya saki ko ƙarafen niƙa sun cinye. Kukan sai gaba yake yi. Barci ya gagare ta, ta rame, ta fara yi wa masu kawo niƙa tsawa har wasu suka sauya shago.

Nan babban ɗanta, wanda muke kira Yaya, ya ce magana ta ƙare: a sayar da injin, ta zauna a gida. Har ya samo mai saye. Ranar na fara ganin hawayen Goggo, kuma raina ya ɓaci sosai, don kowa ya ba ta shawara, daga mai cewa ta ɗiga mai a kunnen sai mai cewa ta sosa da tsinken ashana, amma babu wanda ya kai ta asibiti. Na bar yarana wurin babansu na tasa ta gaba.

Likitar kunnen ta leƙa, ta zaƙulo datti da guntayen auduga, ta gwada jinta, ta auna jini ta tarar ya hau. Ta yi mana bayani cewa can cikin kunne akwai wasu 'yan mitsi-mitsin gasu masu ɗaukar sauti, ƙarar inji ta shekara da shekaru ta lalata wasu, shi ne kunnen da ƙwaƙwalwa ke ƙirƙiro kukan da babu shi a waje. Ta ce tsufa, hawan jini, toshewar kunne da wasu magunguna su ma suna jawo shi, rashin barci da damuwa kuma suna ƙara masa ƙarfi. Da ta ji lokacin da Goggo ke sa auduga sai ta yi murmushi.

“Mama, ai a juye kika yi. Inda ya kamata ki toshe kin buɗe, inda ya kamata ki buɗe kin toshe. In wuri ya yi tsit, shi kaɗai za ki riƙa ji.”

Goggo ba ta tambayi ko za ta warke ba. Cewa ta yi, “Injina fa?”

Likita ta ce ba dole a sayar ba, muddin za ta kare kunnenta ta kuma riƙa kashe injin tana hutawa. Ta gaya mata gaskiya cewa kukan ba lallai ya tafi ba, amma ƙwaƙwalwa na iya sabawa da shi har ta daina kula.

Muka sayo abin rufe kunne irin na ma'aikatan masana'anta, ja, kowane ɓari kamar kwanon sha. A kan ɗankwali take ɗora shi, yaran layi suka riƙa kiranta direban jirgi, tana bin su da muciya. Ta koyi jin lafiyar injin da tafin hannu a jikinsa, laushin gari kuma da yatsu. A gida fanka ta dawo, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, jikoki suka ci gaba da ɓarnarsu. Maganin hawan jini ma ta riƙa sha, ko da yake sai ta yi mita. A hankali barci ya dawo, kumatu suka biyo baya.

Yaya bai yarda ba. Gani yake taurin kai ne irin nata, don haka wata safiya ya zo da mai sayen, har da motar ɗaukar kaya. Suka tarar da bokitan masu niƙa a jere har bakin titi. Goggo ta gan su sarai, amma ta bar su a tsaye suna ta ɗaga murya sai da ta gama niƙan da ke ciki. Sannan ta kashe injin ta zame abin kunnen.

Yaya ya tambaye ta ko kukan ya daina.

“Yana nan,” in ji ta. “Yana nasa ina nawa. Jiya sai da rana ta fito na farka.”

Yaya ya daɗe yana kallon fuskarta, sai na ga ya sunkuyar da kai yana dariya. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Mai sayen ya gyara murya zai fara zancen ciniki, Goggo ta dube shi sama da ƙasa.

“Malam, in niƙa ka kawo, ga layi can.”

Ta mayar da abin kunnenta ta tada injin.