Hafsatu da bahon ruwa

Wa ya koya wa 'yar shekara biyar cewa duk abin da ya taso kan ruwa matacce ne?

Jiya a gidanmu na Gubuchi na tarar da Hafsatu, 'yar yayata, tana jefa abubuwa cikin baho. Dutse da cokali suka nutse, ta ce suna da rai. Kara da murfin gora suka taso, ta jera su a inuwa, ta lulluɓe da tsumma.

Na ce, "Ke, na karanta, abin da ya fi ruwa nauyi ne ke nutsewa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kawu, ai Yaya Sani ba nauyi gare shi ba, kuma ya nutse. Sai da ya mutu ya taso."

Mu dai ce mata muka yi Zariya ya tafi karatu.

Ramin da masu aikin titi suka bari, wanda ya ci Sani bara, ya sake cika da ruwa. Ta bakinsa Hafsatu take wucewa zuwa islamiyya.

Masu yi mana ta'aziyya, addu'o'inku mun karɓa. Wanda ya ba da izinin haƙa ramin nan ya fito nan, a gaban kowa, ya faɗi ranar cike shi.