Humrata Ce Ta Ci Aikin Maman 'Yan Biyu

Edita, ina yi miki sallama da ke da masu karatu. Ni 'yar Damagaram ce, shekarata ashirin da shida, ina zaune a Greensboro da mijina da 'yarmu guda. A aji huɗu na bar lakwal, wato makarantar boko, don haka Hausa nake karantawa, Turanci kuwa sai abin da kunnena ya tsinta a hanya. Tun kafin abin da zan ba ku labari ya faru, tsoro biyu nake kwana da su. Na farko numfashin 'yata, don tana da asma, in ta taso mata sai ƙirjinta ya riƙa fito kamar usur. Na biyu takarda. Duk inda aka miƙo mini takarda da biro sai na rasa yadda zan ce ban iya karanta Turanci ba. Na kai wata takwas ina juya wannan magana a cikina, kuma har yau in na tuna raina tafasa yake yi.

Mijina direban babbar mota ne, sai ya yi kwana goma bai shigo gida ba, aikinsa kuma ba ya ba da inshorar asibiti. Wata Hajiya da muke haɗuwa a masallaci ita ta samo mini aiki mai inshora a kamfanin da take. Kamfanin yana ƙera kyamarorin da ake ɗaurawa a cikin jiragen soja, wai daga can sama suke hango mutum a ƙasa. Ba sa ɗaukar kowa sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, ni kuma ina da katin. Hajiya ta daɗe a wurin har ta zama shugabar layin aikinmu, tana da gida a unguwar Sedgefield, kullum da safe ta biyo ta bayan titin Wendover ta ɗauke ni. Kuma ita ce mai haɗa humra da turaren wuta da duk matan nan suke saye. Ranar farko aka ba ni takardun dokoki masu kauri, aka ce Hajiya ta fassara mini. Ta buɗe, ta rufe, ta ce ba komai ba ne, kar in shiga da waya, in rufe gashina, in sa hannu nan da nan. Na sa. Ita ma ta sa, a matsayin wadda ta yi mini bayani.

Ɗakin da muke aiki ya fi ɗakin tiyata tsafta. Sai kin sa farar riga tun daga kai har ƙafa, ki rufe hanci, ki sa safar hannu, ki taka wata tabarma mai danƙo, sannan ki tsaya a wani lungu iska ta kakkaɓe ki. Aikina in ɗauki gilashin idon kyamara, in goge, in duba shi a ƙarƙashin fitila, in jera a faranti a kai ɗakin da ake yi masa shafe. Mu biyu ne a teburi ɗaya, farantanmu lamba ɗaya suke ɗauke da ita. Abokiyar zamana wata Kirista ce 'yar Kudancin Kaduna, ta girme ni sosai, kowa Maman 'Yan Biyu yake ce mata. Ita ta koya mini yadda ake riƙe gilashi ta gefe. In sufabaiza, mai kula da aikinmu, ta yi magana da sauri, sai ta sunkuyo ta faɗa mini da Hausa. Ƙanwata take ce mini, tana tsokanata wai 'yan Nijar ba mu san abinci ba sai fura, kullum kuma sai ta zubo mini gwate a roba. Saura mata 'yan makonni a mayar da ita ma'aikaciyar dindindin.

Ni dai yadda na tashi, matar aure ba ta fita ba ƙamshi. Kowace safiya sai na shafa humra a wuyan hannu da bayan kunne. Na taɓa ganin hoton kwalba da jan layi a kanta a bakin ƙofa, na tambayi Hajiya a mota. Ta yi dariya, ta ce wannan na masu fesawa ne, humra ai mai ce, ba ta tashi sama, kuma ita ba za ta yarda 'yar mutane ta riƙa yawo tana warin sabulu kamar majinyaciya ba. A makon ma ta sayar mini da wata kwalba.

Sai aka fara dawo da farantan teburinmu. Bayan an yi shafe, wani dusu-dusu yake fitowa a gilashin, kamar an hura numfashi a madubi, kuma in ya fito shi ke nan, gilashin ya tashi aiki. Aka canja mana tsumma, aka canja ruwan goge, abin bai daina ba. Ana cikin haka asma ta kwantar da 'yata, likita ya ce a raba gidan da hayaƙi da duk wani turare. Na ajiye komai har mako biyu, kuma a mako biyun nan ko gilashi ɗaya ba a dawo mana da shi ba. Da yarinya ta samu sauƙi muka je suna ranar Lahadi, na shafa, Litinin ma na ƙara. Da zan sa safar hannu na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: in na ja bakin safar hagu ta rufe wuyan hannuna, yatsun dama suna gogar fatar, har na ga ɗan maiƙo rawaya a kan robar. Ranar Laraba farantanmu suka dawo. Ba wanda ya faɗa mini, na san ni ce.

A mota na gaya wa Hajiya. Ta taka birki a bakin wani shago, ta juyo ta ce in ina da hankali in haɗiye maganar nan. Wai in na buɗe baki za su kore ni, inshorar 'yata ta tafi, sai in ga da me zan sayi maganin asmar da take shaƙa. Na ce ai Maman 'Yan Biyu ake zargi, don an taɓa ganinta tana shafa man leɓe lokacin sanyi. Ta ce to ina ruwana, ita tana da 'yan cocinsu, kafin Lahadi za su samo mata wani aikin, ni wa nake da shi in ba ita ba? A lokacin na ɗauka tausayina take ji. Daga baya na gane hannunta da ke kan takardar nan take karewa.

Na yi shiru. Ranar Juma'a aka kira Maman 'Yan Biyu ofis, ta fito idanunta jajir, an sallame ta. Da rana ta riga ta zubo mini gwate, na ci. Ni na riƙe mata jaka har bakin motarta, ina cewa Mama ki yi haƙuri, Allah zai kawo wani. Daga ranar ban sake taɓa humra ba, na jefa kwalbar a can ƙasan akwatin kayana na wurin aiki, ina ganin na tuba. Ashe tuban nan nawa shi ya ƙarasa ta. Tana tafiya dusu-dusun ya ɓace, sai kowa ya ce ka gani, dama ita ce. Har sufabaiza ta yabe ni a gaban mutane. Mako uku ina goge gilashi kusa da kujerar da ba kowa, abinci ba ya shiga cikina.

Ranar da na kasa jurewa, na je ofishin sufabaiza na ce ina da magana. Wa za a kira ya fassara? Hajiya. Na yi bayani tun daga farko har ƙarshe, ina kuka. Hajiya ta juya ta faɗi abin da bai fi numfashi biyu ba. Turancina bai kai ko'ina ba, amma na san kalmar jariri, na san kalmar gajiya, kuma na ga fuskar matar ta yi laushi tana miƙo mini takardar share hawaye, tana cewa in je gida in huta. A gabana, da bakina, Hajiya ta mayar da ni mahaukaciyar da raino ya gajiyar. Ban san lokacin da na tashi ba. Na je na ɗauko kwalbar da sabuwar safar hannu, na dire su a kan teburin, na shafa a wuyan hannuna, na sa safar yadda nake sawa, na nuna mata yatsun, na dangwala su a gilashin tagarta. Maiƙon ya fito ɓaro-ɓaro. Hajiya tana ce mini ke, ke, kin san abin da kike yi? Na ce mata Hajiya yau ba da ke nake magana ba.

Sufabaiza ta ɗauki waya ta danna, cikin minti kaɗan sai ga muryar wani mutum yana yi mini sallama da Hausa. Ashe kamfanin yana da tafinta ta waya tun fil azal, duk wanda ya nema za a kira masa. Shi ya karanta mini shafin da na sa wa hannu: ba turare, ba mai, ba kwalli, ba lalle sabo. Yana nan a rubuce tun ranar farko. An sallame ni, kuma ban ce an zalunce ni ba, don na sani na ɓoye. Hajiya aka sauke ta daga shugabancin layi kawai, har yanzu tana can, har yanzu tana kai kwalabenta wurin suna, tana gaya wa mata wai ni butulu ce, na tona asirin 'yar'uwata Musulma saboda bare. Wasu sun daina amsa gaisuwata. Bare? Wadda ta ciyar da ni wata biyar, ta zame mini kunne da baki? Mijina ya yi kwana biyu ba ya mini magana, sannan ya ce da na yi shiru da na fi ba shi kunya. 'Yata yanzu a wani asibitin masu ƙaramin ƙarfi muke bin layi, muna lallaɓawa.

Kamfanin ya aika wa Maman 'Yan Biyu wasiƙa cewa ta dawo aiki, amma ba ta koma ba. Na ganta sau ɗaya a wurin ajiye motoci na wani kantin Wendover, da rigar masu ɗaukar kaya a sito, ta rame. Na durƙusa a kan kwalta na gaya mata komai. Ta ce in tashi, mutane suna kallo. Ta ce tun ranar farko take jin ƙamshin, ta so ta yi mini magana, sai ta ga Hajiya ce ta kawo ni, ta ɗauka an ba ni izini, ba ta so ta kunyata ni. Ta ce aikin bai yi mata zafi kamar jakar ba, yadda na riƙe mata jaka ina ba ta haƙuri alhali na sani. Ba ta ce mini ƙanwata ba. Ta shiga mota ta tafi.

Ina fushi da Hajiya, ina fushi da masu ganin duk wanda ba namu ba ne ana iya taka shi, amma fushin da nake yi da kaina ya fi, don tsoron asarar abin shaƙar 'yata ya sa na cire abinci daga bakin 'ya'yan wata har biyu. 'Yan'uwana mata da kuka zo ƙasar nan ba boko, kar kunya ta sa ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku layi-layi ba. Ku ce a kira tafintan waya, ba wanda ya kawo ku ba, don shi ma yana da abin da yake karewa. In kuma kin san laifin naki ne, ki faɗa tun kafin a kira wata ofis.

Roƙona guda ne. In akwai mai karanta wannan da take zama kusa da wata uwar 'yan biyu a coci a Greensboro, wadda ta taɓa goge gilashin kyamara, ta gaya wa mutanensu cewa ba ita ta ɓata aikin ba, ni ce. Ta kuma gaya mata ban canja lambar wayata ba.