Ƙararrawar da Aka Ba Mu Amana

Har yau idan tsagaggen murfin tukunya ya faɗi ƙasa sai raina ya ɓaci, don yana tuno min da ƙararrawar maƙwabcinmu a unguwar Dengfeng.

Ina 'yar shekara tara, ƙarshen shekarun casa'in, Baba yana karatu a Guangzhou ta ƙasar Sin. Ƙofarmu tana kallon ta wani tsoho Ba'indiye mai sayar da yadi, mabiyin addinin Hindu. Kullum da safe ƙamshin turaren tsinke zai biyo ta ƙarƙashin ƙofa, sannan ka ji ƙararrawar, murya a dishe kamar ta mai mura.

Daga ɗakin bautar ƙauyensu ta fito. Da Turawan Ingila suka hana taro, ita ake kaɗawa. Mai wucewa ya ɗauka ibada ce, alhali a ciki shawarar bijire wa aikin dole ake yi. Da asiri ya tonu, soja suka rushe ɗakin, suka rataye kakansa da ke kula da wurin. Kakarsa ce ta tono ta daga ɓaraguzai a tsage, ta ɓoye a buhun shinkafa.

Wata damina tsohon ya kwanta asibiti, ya ba Baba ita amana, naɗe a jan ƙyalle.

Sai ga Kawu daga Kano, ya zo sarin kaya a kasuwar Canaan. Kun san irin baƙon da kwana biyu ke isarsa ya zama maigida. Ya kwance ƙyallen, ya ce kayan tsafi ba za su kwana inda ake salla ba.

"Yaya, amana ce," in ji Umma. "Ka jira maigidan ya dawo."

Bai jira ba. Ya miƙa wa mai keken tsofaffin ƙarafa, a kan idona.

Kwana uku Baba yana bin masu gwangwan, ba abin da yake ji sai "meiyo", wato babu. Da aka sallamo tsohon, Baba ya mayar masa da ƙyallen, kai a sunkuye. Tsohon ya daɗe yana ninke shi.

"Turawa da bindigarsu ba su raba mu da ita ba," ya ce.

Kawu har ya tsufa yana alfahari da abin, shi da kullum ke tunƙahon kakansa ya yaƙi Nasara. Addinin da ya fake da shi kuwa, shi ne ya ce a mayar da amana ga mai ita. Ban taɓa huce wannan haushin ba.

Na ji an ce benen da muka zauna ya zama shagunan waya. Ni dai abin da nake tunawa, shekara guda muka ƙara a can, turare yana shigowa kowace safiya, muna kasa kunne, shiru.